Bashi Hanji Ne

Ƙarfe huɗu na asuba a Oko-Oba,
kafin ladan ya gyara murya,
kafin wuƙa ta gaisa da dutse,
wayata ta riga kowa tashi:
"Murna! An zaɓe ka! Bashi ba jingina!"
Wa ya zaɓe ni? A wane dandali?
Wani saƙon ya ce in sayi fili a Ikorodu,
wani ya ce in buga caca in hau jirgi,
ni da ko kuɗin danfo sai na taya.

Shekara goma sha tara ina fawa a Agege.
Na san hanji, na wanke shi ya fi a ƙirga,
saboda haka in an ce bashi hanji ne,
yana cikin kowa, ba na musu.
Sai dai nawa na san tsawonsa.

Ran da na je banki da ƙafata,
da sabuwar hula da turaren aro,
ina neman kuɗin firiza,
mai tabarau ta dubi allonta, ba ta dube ni ba,
ta ce, "Baba Ilu, sunanka da tabo."
Masu lallashina da tsakar dare
ga shi rana ta fito sun manta fuskata.
Na koma rumfa, tsoka ta yi mini nauyi.

Hansatu ce, autata,
mai cire wa mutane kuɗi a gindin gadar Pen Cinema,
ta ce, "Baba, akwai masu rubuta bashin kowa,
kuma sau ɗaya a shekara
kana da ikon ganin shafinka, ko kwabo ba ka biya."
Na ce, kyauta? A Legas?
Garin da ko inuwa sai da kuɗin tikiti?
Ta ce, "Ba alfarma ba ce. Naka ne."

Gani ya kori ji.
Takarda ta zo, shafi uku.
Ga kuɗin buhun gawayi, na biya, an shaida.
Ga na asibitin mahaifiyarta, Allah Ya jiƙan rai, na biya.
Sai layi na bakwai:
dubu arba'in da na sauke tun bara waccan,
yana nan kwance kamar gawar da aka manta,
yana ta haihuwar ruwa a duhu.

Rasit ɗin yana cikin gwangwanin madara,
ƙarƙashin gado, da ɗigon maiƙo a gefensa.
Wanda ya ce mahauci ba ya ajiya
bai ga gwangwanina ba.
Muka rubuta musu. Muka jira.
Damina ta cika kwatar unguwa, ta janye.
Da amsa ta zo, babu ban haƙuri a ciki,
amma layin ya goge.

Masu saƙon dare kuwa,
kalma ɗaya ta tura daga wayata zuwa wata lamba,
kamar mai saka sakata.
Ba duka suka tafi ba,
akwai masu ƙeƙasar ido da ke leƙowa ta taga,
amma yanzu ladan ne ke tashe ni.

Firiza tana nan tana gurnani a bayan rumfa.
Jiya na ce wa Tanko mai kayan ciki,
"Ka taɓa ganin naka shafin?"
Ya ce shi ba ya bin kowa, kowa ba ya bin sa.
Na ce, haka ni ma na ce.