Ƙidayar Sahura

Ni Ilu, su na gada, jirgi da koma na sani,
Na san ramin da tarwaɗa ke kwana da rani,
Ban zaci akwai sauran abin koya mini
A fadamar Baturiya, bakin ruwa.

Sai ga Sahura, 'yar ƙanena, ta zo hutu daga Dutse,
Da littafi, da igiyar awon tela, da madubin hange a wuya.
Ta ce, "Baffa, gobe da asuba ka fita da ni."
Na ce, "Kifi za ki saya?" Ta yi dariya:
"Gaisuwa zan kai wa zalɓe da shamuwa."

Muka kutsa cikin kachala, gora na nutsewa a taɓo,
Ta ɗaga hannu, wai in tsaya.
Guza ne bisa kututture, ya baje yana shan hantsi,
Harshe mai baki biyu yana lasar iska.
Ni romo na hango, da barkono da gishiri,
Ita ko ta rubuta lokaci, ta zana har ƙarshen wutsiya,
Ta nutsu kamar ta ga surukuwa.

"Me ya ci jiya?" Ji tambaya!
Na ce ƙwan zakaran ƙeƙuwa in ya samu,
Ko mushen kifin da na watsar a gaɓa.
Ta ce, "Ashe shi ke share maka mashaya.
Ran da babu shi, hancinka zai san ruɓewa."

Ta nuna mini sheƙar marai a bakin reshen ƙaya,
Tana lilo bisa ruwa, ƙofa na kallon ƙasa,
Don maciji in ya hau ya rasa madafa.
Shekara hamsin ina bi ta ƙarƙashinsu,
Ban taɓa ɗaga kai ba don tambayawa.

Kwana tara muna fita.
Dinya arba'in da ɗaya. Gauraka biyu tak.
Kirinjijiya ta gagari lissafi.
Kififiya ta faɗo koma, na ce yau miya ta yi,
Ta auna ƙoƙon bayanta, ta haɗa ni da girman kakarta,
Na saki ina ƙunƙuni,
Ta nutse abinta, ba godiya, ba waiwayowa.

Ran kasuwa muka bi ta bayan mahauta,
Ta tsaya gindin kuka tana duban sama.
"Baffa, yaushe rabonka da ungulu?"
Na buɗe baki.
Da can kukar nan baƙi ƙirin take da su,
Muna yara muna jifa, suna yi mana kallon raini.
Na ƙirga da shekarar ambaliya, na ƙirga da auren Barira,
Na ƙirga da mutuwar sarkin fawa, ban cim musu ba.
An ce ba ta jewar banza,
To ina ta je, da ba mai cigiya, ba mai rakiya?
Sahura ta zagaya sifili a takarda,
Ɗan ƙaramin zobe, ya fi mini dutsen niƙa dannewa.

Hutu ya ƙare, mota ta ɗauke ta.
Ta bar mini guntun fensir da rabin littafi,
Ni da boko sai hange daga nesa,
Sai nake tsaga a gefen jirgi da bakin wuƙa:
Dogon zane na guza, gajere na gauraka.
Abokan su na cewa Ilu ya tsufa, ya koma ƙirgar ƙadangaru.
Ban ce na daina marmarin romon ba,
Amma jiya na gan shi kan kututturensa, na sassauta gora,
Na bar masa hantsinsa, na yi gaba.
Can wajen hanci na bar fili, ban tsaga komai ba,
Ko wata rana inuwa za ta gitta bisa kuka,
In kira Sahura in ce, "Goge zoben nan, tana dawowa."