Mai Amsa ta Bakwai

A cikin kundina ba ta da suna.
Dokar bincike ta ce a sakaya,
sai na kira ta Mai Amsa ta Bakwai:
mace, shekara tamanin ba ɗaya,
tsohuwar masaƙiya, birnin Lodz.
Ban rubuta cewa Wieslawa take ba,
ban rubuta cewa ita ta raine ni ba,
ko cewa wannan hancin nawa, nata ne.

Na ajiye rikoda tsakanin kofin shayi da kwalbar magani.
"Kaka, yaya kuka ji ranar da aka rufe masaƙa?"
Ta ce, "Ɗago kanki, ba na ganin bakinki."
Shekara talatin da ɗaya cikin rurin injuna
sun cinye mata kunne,
da ido take sauraro.
Duk matan layinsu haka suke:
da leɓe suka yi gulma, da leɓe suka ci bashi,
da leɓe aka sanar da su haihuwa da rasuwa
daga wannan bango zuwa wancan,
zare na gudu, hannu bai tsaya ba.

Farfesa Koperski da jan bironsa
ya cika mini gefen takarda:
Wane ra'i kika ɗora wannan a kai?
Ina alƙaluma?
Hira kika je yi ko bincike?
Na tare a laburare mako guda
ina ɗauko manyan kalmomi ina gwada mata,
jari, aji, rabon aiki,
wata ta yi mata yawa a kafaɗa,
wata ta shaƙe ta a wuya.
Na zaɓi wadda ta fi kusa, na ɗinke da allurar dole.

Akwai wurin da ta yi shiru.
Na auna, daƙiƙa arba'in da bakwai.
Ba komai a faifan sai agogon bango
da jirgin cikin gari yana kuka a kwana.
Na sa ɗigo uku, na goge.
Na sa "ta yi shiru", na goge.
A ƙarshe na bar layin fari,
mai buga takardu ya ɗauka kuskure ne, ya haɗe shi.

Masaƙar yanzu kantuna ce.
An wanke jan bulon tas, an rataya fitilu.
Nan nake sayar da takalma da yamma
don in biya kuɗin ɗaki,
taku ashirin daga inda injin ya ɗauke mata rabin yatsa.
Wannan ma ba ya cikin kundi.

Ranar kare aiki aka tashi da dusar ƙanƙara.
Ta zo cikin kwat ɗinta na zuwa coci,
ta zauna can baya, jaka a cinya,
ta kafa wa bakina ido minti arba'in.
Malamai uku suka gyaɗa kai, suka sa hannu.
Koperski har ya yi murmushi, abin da ba a saba gani ba.

A bakin matakala ta riƙe hannun rigata.
"Sau huɗu kika ce mun jure.
Wa ya faɗa miki?
Kullum sai mun zage su, su da iyayensu,
a gabansu, ido cikin ido.
Ba su iya karanta baki ba ne kawai."
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Kundin an riga an ɗaure shi da baƙin bango,
sunana da ruwan zinariya.
Wata shida ina sauraron faifai,
ban taɓa tunanin in kalle ta ba.
A jirgin komawa gida na buɗe shafi na sittin da biyu,
na lalubi fensir, babu.
Ita kuwa tana jingine da taga,
leɓenta na motsi, tana faɗa wa birnin wani abu.