Shuɗi a Cikin Ja

A Uberaba, hawa na uku, kafin masu shara su iso,
Nilza ta kunna fitilar madubi,
ta zaro gilashi na arba'in da bakwai daga akwatin kwali.
Lamba ce kawai a jikinsa,
amma ta san mai lambar.
Valdomiro ne, manomin rake daga bayan tsauni,
wanda ya zo bara yana haki,
ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi su,
da cuku a ƙunshe cikin tsumma, tsarabar masu jinya.

Jiya Odair ya daskarar da tsokar cikin kaki,
ya yanka ta siririya, fatar albasa ma ta fi ta kauri,
ya shimfiɗa ta a ruwan ɗumi har ta miƙe,
sannan ya rina.
Ja na tsoka, shuɗi na tabo.
Rinin nan ba sani ba sabo.

Ta sunkuya.
Inda ya kamata ja ya kwanta jere kamar kunyoyin gona,
shuɗi ya ratso, ya ci iyaka,
ya shiga tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

Kowace ƙwayar zuciya tana da 'yar taga a bangonta.
Ta nan take raɗa wa ta kusa:
lokaci ya yi, buɗe wa kalsiyam, matse.
Ta kusa ta raɗa wa ta gaba,
hannu zuwa hannu kamar masu miƙa tubali,
sau dubu ɗari a kwana guda, ba fashi.
Shi kuwa tabo kurma ne.
Saƙo ya iso gare shi sai ya yi turus,
ya zaga, ya dawo a makare,
bugun ya harɗe
kamar mai saukowa daga bene cikin duhu
da ya ƙirga matakala ba daidai ba.

Shekara arba'in ke nan da ƙulla wannan.
Yana yaro, a ɗakin laka mai tsagaggen bango,
ƙwaron da mutanen nan ke kira wanzami
ya sauko da dare, ya sha daga kuncinsa,
ya bar kashinsa a gefen cizon.
Yaro ya sosa cikin barci.
Ya girma, ya sayi alfadari, ya binne uwarsa,
baƙon na ciki bai ce uffan ba.

Ga abin da ke hana Nilza runtsawa:
ta leƙa kusurwa talatin, ba ta ga baƙon ba.
Dakarun jiki ne cunkus, baƙaƙen ɗigo,
sun kafa sansani tsakanin zaruruwa,
suna rusa gida suna neman ɓarawo ɗaya.
Wa ke ce musu kada su tsaya?
Da wace kalma, daga wace ƙwaya?
Shekara tara tana farautar kalmar.
Uku ta kama.
Biyu ɓeraye sun ƙaryata ta,
ta ukun tana jiran kuɗin bincike tun watan Maris.

A ɗakin gefe, cikin akwati mai ɗumin jiki,
akwai faranti da bai kai tafin hannu ba.
Zuleide, 'yarsa ta fari, ta ba da jini,
ta sa hannu, ta tambaya ko zai yi zafi,
aka lallaɓa ƙwayoyinta makonni
har suka yarda su zama na zuciya.
Ran Talata ɗaya ta motsa.
Ran Alhamis huɗu, kowace da kiɗanta.
Yau gefunansu sun taɓa juna,
farantin duka yana bugawa da baki ɗaya.

Nilza ta ɗaga agogo, ta ƙirga.
Hamsin da takwas.
Ta sake ƙirgawa don kada son rai ya yi mata ƙari.
Hamsin da takwas.

Odair ya turo ƙofa da kafaɗa, kofi biyu a hannu,
yana tambaya ko ya yanka na arba'in da takwas.
Ta ce yanka,
amma zo ka ga wannan tukuna,
kuma kada ka jingina da teburin.