Tawadar Makoki

Ni ke dama tawadar.
Baƙin tukunya nake kankarewa, in zuba ƙaro, in gauraya,
mijina Yashobiya ya fiƙe alƙalami,
dattijon nan kuma ya zauna bisa tubali, ya runtse ido,
yana jiran magana ta sauko.

Shekara goma sha ɗaya muna ƙasar Babila,
muna yashe magudanar da ba gonarmu take shayarwa ba.
A tsawon nan an yi wa Mowab nata, an yi wa Edom.
Yau a kan Taya ta sauko,
Taya ta tsakiyar teku,
wadda ta ɗauko ma'auni tana lissafin riba
tun hayaƙin birninmu bai lafa ba.

Sai na gyara zama.
Na ce yau kam zan huce haushi.

Amma dattijo bai yi murna ba.
Da muryar da ake raka gawa ya fara,
ya ƙirga jiragenta kamar mai ƙirga 'ya'yansa,
ya yabi rininta, ya yabi masu tuƙinta,
sannan ya ce: in ji Ubangiji Mai Runduna,
tukwanen rininki kwaɗi ne za su gaje su,
ma'aunin azurfarki yashi zai koma aunawa,
tun da kin ɗauki hawayen maƙwabciya kin kai kasuwa.
Ya faɗa, gemunsa na jiƙewa.
Yashobiya ya ɗaga kai, ya ce, wannan ma a rubuta?
Ya ce rubuta.

Birnin fa yana nan a tsaye.
Ƙila a daidai sa'ar ana sauke hauren giwa a tasharsa,
wani yaro na cin ɓaure bisa ganuwa,
bai san an riga an yi zaman makokinsa ba.

Da magariba Amatashtar ta leƙo ta katanga,
'yar Taya ce, an kawo ta kamar yadda aka kawo mu.
Ita ta ba ni rancen gishiri ranar da na haifi Hamiyadan.
Ta ce, na ji sunan garinmu.
Ya ambaci unguwar masu tufka igiya?
Uwata na can, ba ta gani sosai.

Na buɗe baki, harshe ya ƙi.
Me zan ce mata?
Mu ma sai da aka rera mana namu
muna tsakar bikin matsar inabi,
muka ce tsohon ya zare, muka ƙara kiɗa.

Na ɗebo gishiri na mayar mata, har da ƙari.
Ta karɓa, ta dubi yatsuna, ba ta sake tambaya ba.

Sau uku na wanke hannu a magudana.
Baƙin yana nan a ƙarƙashin farce,
gobe kuma, an ce, Masar ce.