Tulun Maganaɗisu

A bakin ƙofa nake barin makullai da agogo,
don tulun nan ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale.
Wad Madani na tafasa a waje,
shi kuwa cikinsa ya fi ƙanƙara sanyi.

Kwana uku allo bai ce uffan ba.
Dakta Insaf ta narka ƙaro a siririyar kwalba,
ta zura, tana jiran tsaunuka su tashi.
Layi ya kwanta shamɓal
kamar gonar auduga bayan girbi.

Na auna hiliyam, da saura.
Na zargi wuta, na zargi fis,
na zargi kaina.
Kamfani suka ce sai wata biyu,
in injiniyansu ya samu biza.

Sai na durƙusa ƙarƙashin tulu
da sukudireban tagulla,
ina bin wayoyi kamar mai tsince wake.
A ta bakwai, can bakin mahaɗa,
wata 'yar allura ta lanƙwashe, ta yi tsatsa.
Ke ce? Ke kaɗai?

Na miƙe ta, na goge, na ɗaure.
Insaf ba ta waiwayo ba.
"Tijjani, zo ka gani."
Tsauni ɗaya, ga ƙanana biyu a gefensa.

Shayinmu ya huce tun la'asar.