Garin Dada a Ƙarƙashin Ruwa

Da sassafe muka bar Gombe,
mu biyar da ƙullin dambu.
Dada Kuluwa a gaban mota
ta riƙe carbi, ba ta ja ba.

A bakin ruwan Dadin Kowa
Bappayo na jiranmu da kwalekwale.
Ya ɗinka buhunan taki huɗu,
ya ɗaura a gora, ya miƙar sama.
Iska ta zo ta cika musu ciki
kamar akuyar da ta kwana a rumbu.
Baba ya naɗe ƙafar wando,
takalmin ofis a hammata.
Inna ta yi addu'ar hawa
ta damƙe wuyan rigar Sambo.

Tsibirin farko duwatsu ne da zalɓe,
bukkoki bakwai, hayaƙin banda.
"Ba a sauka nan," in ji Bappayo,
"sai an miƙo ruwa a ƙoƙo."
Wata yarinya ta shigo har gwiwa,
muka sha bi da bi, daga babba zuwa yaro,
sannan aka ce mana sannu da zuwa.
Na ce kifi nawa aka kama yau?
Matan suka kwashe da dariya har da tafi:
"Ɗan birni, ba a ƙirga na ruwa.
Wanda ya ƙirga, gobe komarsa wayam."

A na biyu ba kowa,
sai shanun da suka haye tun rani
ruwa ya rufe hanya a bayansu.
Nan Sambo ya ɗaga yatsa:
kunnuwa biyu, hanci, huci.
Bappayo ya sauke masa hannu a hankali.
"Ba a nuna ta, ba a kiran sunanta.
Ce Goggo tana wanka."
Muka wuce Goggo tsit,
ko buhunan sun rage surutu.

Can tsakiya, inda ba tudu ba ciyawa,
Dada ta ce, "Tsaya."
Ta dubi dutsen gabas, ta dubi na yamma,
tana awo da ido kamar mai sayen zane.
"Nan ne. Nan rijiya take.
Can tsamiyar masaƙa.
Dutsen niƙan uwata yana nan ƙasa,
ya fi ƙarfin jaki ranar tashi."
Muka leƙa.
Fuskokinmu kawai, suna rawa.

Sambo ya ce, "Dada, ina ƙofar?"
Ba ta amsa ba.
Ta kwance bakin zane, ta watsa dawa.
Ruwan ya tafasa da ƙananan baki.
Ta ce, "Kajin gidan nan yanzu ƙarfasa ne,
kuma ba su rage haɗama ba."

Na uku shi ne kan tudun
da suke hawa tsinkar kanya suna yara.
Wani tsoho na ɗinkin koma a inuwa.
Ta gaishe shi da Teranci,
allurar ta suɓuce masa.
Suka zauna suka jera sunaye:
wane ya rasu, wance tana Deba,
wane ba a san inda ya nufa ba.
Ya ba mu tarwaɗa uku, ya ƙi kuɗi.
A nan baƙo ba ya biya,
sai dai ya bar abin da zai dawo ɗauka.
Baba ya dubi jikinsa sama da ƙasa,
ya ajiye takalmin a gindin kanya.

Da la'asar iska ta ɗauke,
buhuna suka yi laƙwas.
Bappayo ya miƙa wa Baba filafili,
hannun biro ya yi bororo kafin magariba.
Dada ta juya mana baya
tana kallon inda muka fito,
carbin nan yanzu yana tafiya
ɗaya bayan ɗaya, da ɗigon filafili.

A mota Sambo ya yi barci,
rigarsa duk ƙamshin banda.
Baba ya tuƙa mu har Gombe
da tafin ƙafa, yashi a yatsu.