Tarar Ɗari Biyu

Don kwata muka fara zaman,
kwatar layinmu a Gwammaja,
wadda leda da yashi suka shaƙe
tun daminar bara.
Ni aka miƙa wa littafi da biro,
wai hannuna ya fi kyan rubutu.

Daren farko, bayan isha'i,
benci biyu, tabarma ɗaya,
Malam Datti ya buɗe da addu'a,
ya ce kwata, kwata kaɗai.
Kafin ya rufe baki
Sagiru mai walda ya kai mu tsadar mai,
daga mai aka hau siyasa,
Garzali kuma ya bugo ƙwallo
ta faɗo tsakiyar zancen kansila.

Na rubuta: An tattauna.
Ban san me zan ƙara ba.

Sati na biyu rigimar sallama ce.
Tasi'u ya zo a makare,
ya zauna, ya tsoma baki,
ba ko sannunku.
Alhaji Na'iya ya ce yaran yanzu
sun dama tarbiyya sun sha.
Tasi'u ya ce, "Na tarar ana magana,
katse babba ai shi ma rashin kunya ne."
Awa guda muka kwashe
kan wanne ya fi muni,
sauro na ta cin ƙafafunmu,
sauron kwatar da muka zo dominta.

Amma gwanin kauce hanya, Baba Ɗanjummai.
A ce siminti, ya ce masaƙa,
shekarunsa a Bompai,
jiniyar tashi daga aiki,
kekensa da aka sace ranar albashi.
A ce, "Baba, kwata."
Ya ce, "Ina zuwa, ai can na nufa."
Bai taɓa isowa ba.

Sai muka yi doka.
Ni na rubuta da manyan baƙaƙe,
muka kafe da ƙusa jikin darbejiya:
Ba siyasa. Ba ƙwallo. Ba labarin da.
Mai magana ya ɗaga hannu.
Wanda ya kauce, tarar ɗari biyu.

Ta yi aiki, wallahi ta yi.
Minti ashirin mun gama,
shebur nawa, baro nawa, wa zai kawo.
Baba ya ɗaga hannu sau ɗaya,
ya dubi takardar, ya sauke.
Ya laluba aljihu, ya ajiye ɗari biyu
a kan littafina.
Na ce, "Ai ba ka ce komai ba."
Ya ce, "Na faɗa a zuci."

Ran Asabar muka yashe kwata.
Ruwa ya wuce, baƙi ƙirin, da sauri,
kamar mai jin kunyar jama'a.
Aka ɗau hoto, aka watse.

Daga nan benci ya fara rama.
Garzali ya koma gidan kallo,
Sagiru ya ce aiki ya yi yawa.
Malam Datti da Alhaji Na'iya
sukan zauna, hannu a cinya,
ba mai ɗagawa.

Jiya na bi ta ƙofar Baba.
Yana soro shi kaɗai, rediyo a kashe,
yana ba kyanwa labarin Bompai.
Sai na tuna Iya Tabawa ta rasu
wata biyu kafin mu fara zaman.
Shekara arba'in ita ke sauraron jiniyar nan.
Mu kwata ce ta kawo mu,
shi shiru ne ya koro shi.

Har yanzu ina ba Malam Datti gaskiya,
da ba doka da sauro ya cinye mu.
Kuma Tasi'u, ya kamata ya yi sallama.
Amma ɗari biyun nan tana cikin littafi,
tsakanin shafin shebur da na siminti,
na rasa layin da zan shigar da ita.

Yau da magariba na cire takardar,
ƙusar ta ƙi fita, na bar ta.
Na aiki yaro ya ce wa Baba
akwai zama bayan isha'i.
Yaron ya dawo da tambaya,
"Wai a kan me?"
Na ce, koma ka ce masa
har yau bai gaya mana
wanda ya sace keken ba.